Ɗan Gwaggo, Ka Koma Makaranta

Haɗeja, ranar Talata.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗan Gwaggo,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ka lafiya a cikin jirgi, ka sami wurin zama kusa da taga, ba a matse ka da buhunan mutane ba. Allah ya sauke ka Kano lafiya, ya tsare gabanka da bayanka.

Na san ka kwance ƙunshin guzuri ne don ka ci soyayyen kifi, sai ka ga takarda a ƙarƙashin dakuwa. Za ka ce rubutun Hajara ne. Ba na ƙanwarka ba ne, nata ya fi wannan kyau. Nawa ne, ni Addarka. Waɗannan manyan baƙaƙe masu kama da sawun agwagwa a taɓo su ne abin da na samo a ajin yaƙi da jahilci, wanda marigayi mahaifinka ya bar ni na shiga yana dariya, yana cewa tsohuwa za ta zama akawu. To, ga amfaninsa ya zo.

Tun da na haife ka ban taɓa zaunar da kai na yi maka doguwar magana ba. Kai ne ɗan fari, ka kuwa san yadda abin yake a gidanmu. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa. Ana yaye ka Gwaggo Dije, yayar mahaifinka, ta ɗauke ka zuwa ɗakinta, ka zama ɗan Gwaggo, ni kuma na zama Adda. In ina so ka ci abinci sai in dubi bango in ce, "A gaya wa yaron nan tuwo na hucewa." Har yau bakina bai iya ba. Amma na lura takarda ba ta da ido, ba ta kallon mutum. Shi ya sa zan gaya mata, ita kuma ta gaya maka.

Kawunka Sale ya faɗa mini abin da ka ce masa a bakin kogi. Ka ce za ka shiga jirgi a tashar Malam Madori don kada Gwaggo ta yi kuka, amma in ka sauka Kano ba za ka koma makarantar malaman asibiti ba, za ka nemi aikin akawu wurin masu sayen gyaɗa. Ka ce ba ka dace da aikin ba, tunda ka san ciwon mahaifinka har da sunansa, amma ka kasa buɗe baki ka tambaye shi. Kada ka ji haushin Kawu. Ni na tsare shi da ƙwaryar fura, ka kuwa san shi da fura.

Ba zan yi maka faɗa ba, ban taɓa koyon yi maka faɗa ba. Wautata kawai zan ba ka labari, don ina da ita da yawa, kuma tunda na fita takaba na ga ba ni da wani gado da zan ba ka da ya fi ta.

Bayan na haifi Hajara, nonona na hagu ya kumbura, ya yi zafi kamar an sa garwashi. Ka ga na rubuta kalmar, kuma fensir bai karye ba. A lokacin kuwa na kasa faɗa. Na kira Gwaggo na nuna mata da haɓa, na ce, "Nan ne." Gwaggo ta je ta ce da mahaifinka, "Ciwon mata ne, daga wuya zuwa ƙasa." Mahaifinka ya ga ba zai iya tsayawa gaban yaron malamin asibiti yana maganar jikin matarsa ba, sai ya aiki Kawu Sale. Kawu ya yi ta tunani a hanya, mene ne daga wuya zuwa ƙasa, ya ga ai ciki ne. Ya isa ya ce ƙanwarsa ce cikinta ya ɗaure. Aka ba shi kwalbar maganin wankin ciki, ya kawo yana taƙama kamar ya kamo giwan ruwa.

Ka san abin da na yi? Shanyewa na yi. Na san sarai ba maganina ba ne, amma in na ce ba shi ba ne sai an tambaye ni to mene ne. Na wuni ina sintiri tsakanin ɗaki da bayan gida, ga jaririya na tsala kuka, ga nono na nan yadda yake. Gwaggo tana cewa, "Madalla, magani na aiki." Sai da tsohuwar ungozomar unguwarmu ta shigo, ba ta tambaye ni komai ba ta yaye zane ta duba, ta ce, "Ke, wa ya ce ki wanke ciki? Ciki ne ke shayar da 'yar?" Ita ta raka ni asibiti aka tsaga wurin, na sami barci.

Saboda haka, in ka fara aiki aka kawo maka ciwo ta bakin ɗan aike, kada ka yi saurin ɗaukar kwalba. Ciwon ya bi ta baki uku kafin ya iso ka, kowane baki kuma ya rage wani abu don kunya. Ka ce da ɗan aiken ya nuna maka da hannu a jikinsa inda mai ciwon ta nuna. Ka yi abota da tsofaffin ungozomomi, ka gaishe su da girmamawa, su ne za su shiga inda ba za ka shiga ba. In kuwa mai ciwon ce a gabanka, ka dubi takardarka lokacin da kake tambaya, kada ka dubi idonta. Za ta faɗa. Mu ba ƙin faɗa muke yi ba, ido ne ke ɗaure mana harshe.

Wauta ta biyu a kanka na yi ta. Kana yaro, lokacin da ba ku da aiki sai iyo a kududdufan fadama in ruwa ya janye, wata safiya Gwaggo ta fito tsakar gida tana guɗa. Ta ce, "Ɗana ya zama namiji! Fitsarinsa ya yi ja!" Maƙwabta suka leƙo suna yi mata barka. Haka muka taso muka gani. Duk yaron da ke bakin kogin nan, daga nan har Auyo, sai ya yi tsargiya, muna cewa alamar girma ce. Ni ba ni da ikon yin guɗa a kanka, sai na shiga madafa na jiƙa shinkafa. Ka tuna wainar da Gwaggo ta kawo maka washegari, ka ci har ka kasa tashi, ta ce wata maƙwabciya ce ta aiko? Ni ce maƙwabciyar.

Sai da ka shiga makarantar Midil aka duba ku aka yi muku allurai, ka warke. Ko a lokacin cewa na yi Turawa ba su san al'adarmu ba. Sai a hutunka na Babbar Sallah na ji kana gaya wa Hajara gaskiyar abin, ina bayan zana ina tankaɗe. Ka ce a makaranta an ɗiga fitsari a kan ɗan gilashi, aka sa a ƙarƙashin madubin da ke ƙara wa ƙananan abubuwa girma, ka leƙa ka ga ƙwai da idonka, kowanne da 'yar ƙaya a gindinsa. Ka ce ƙwan tsutsa ne, tana fitowa daga katantanwar ruwa ta shiga ta fatar mutum. Na ajiye rariya na riƙe baki. Ashe tsutsa na soya wa waina! Na yi dariya har garin ya tashi ya shige mini hanci, kuka ji ina atishawa ba ku san dalili ba.

To ka riƙe wannan. Don kowa na da abu, ba shi ne ya zama lafiya ba. Amma in za ka gaya wa mutane, kada ka kira su jahilai. Gwaggo ba ƙinka take yi ba ranar da ta yi guɗa, ni ma ba ƙinka nake yi ba da na soya waina. Ka ba su labarin wainar, su yi dariya tukuna. In da hali ka bar su su leƙa madubin kamar yadda aka bar ka. Wanda ya ga ƙayar nan da idonsa ba ya bukatar wa'azi.

Yanzu bari in zo kan ranar layya, don ita ce ke damunka, ni kuwa ita ce ranar da ta fi kowace daɗi a wurina tun da na shigo gidan nan.

Kai ka san abin da ka gani. Bari in gaya maka abin da ni na gani ta tsagar zana, ina gaban murhu. Mahaifinka ya yanka rago, Kawu Sale na fiɗa, Gwaggo na zaune da akushi tana jiran hanta. Sai ka tsuguna da ɗan tsinke a hannu kamar malami da almajiransa, ka ce a dakata da kayan ciki.

Ka ɗaga zuciya ka ce, "Wannan ɗaki huɗu gare ta."

Kawu ya ce, "Ɗaki huɗu? Ashe ragon nan ya fi ni arziki. Ni ɗaya gare ni, shi ma yoyo yake."

Ka tsaga ta ka nuna masa, ya ƙirga da yatsa, ya ce, "Wallahi huɗu ne. Shekara nawa ina cin zuciya ban taɓa shiga ɗakunan ba."

Sannan ka ɗauko huhu, ka zura kara a maƙogwaro ka hura. Huhun ya tashi ya cika, ya yi jajir. Hajara ta kwasa da gudu tana ihu rago ya farfaɗo. Gwaggo ta dafe ƙirji ta ce, "La'ilaha illallahu! Ɗan nan, naman Sallah kake hura wa iska? Wa zai ci numfashinka?" Amma ita ce ta ce a sake, ba ta gani sosai ba.

Daga nan ka ba su labarin ƙwarangwal ɗin da ke rataye a ajinku, wanda kuke kira Malam Shiru. Ka ce da shi kuke koyon ƙasusuwa, kuma kowace safiya sai kun gaishe shi. Gwaggo ta ce, "Bawan Allah! Ɗan wane gari ne? Ba shi da dangi?" Ka ce wai ƙera shi aka yi a Turai. Ta ce, "Ko ƙera shi aka yi, a bar mutum tsirara gaban yara? Ko hula ba a sa masa ba?"

Mahaifinka kuwa yana kan buzu yana dariya har yana share hawaye da hannun riga. Rabona da jin dariyarsa irin wannan na manta. Ni kuma a bayan zana albasa ta ƙone a tukunya ban sani ba. Ina ta cewa a raina, wannan mai bakin, mai tsinken, daga cikina ya fito.

Sai ka zo kan ƙoda. Ka ce su ne rariyar jini, suna tace shi dare da rana, abin da suka tace ya gangara ta wasu siraran hanyoyi zuwa mafitsara. Ka ɗaga mafitsarar ka nuna. Nan na ga mahaifinka ya daina dariya. Ya gyara zama ya ce, "To malam, akwai wani abokina a fadama. Tun yana yaro yake tsargiya, ba ta bar shi ba. Yanzu in ya zaga sai ya daɗe, da ƙyar abin ke fita, ga ciwon mara. Me littafinku ya ce a kansa?"

Na ga ka sunkuyar da kai. Na ga kunnenka ya gane wane ne abokin. Ka yi ta tonon ƙasa da tsinken nan, sannan ka ce, "Baba, a gaya wa abokin nan ya je asibiti. Kada ya jira a gama girbi."

Abin da ka ce ke nan, kuma shi kake zargin kanka a kai, wai me ya hana ka ce, "Baba, kai ne?" To saurara. Kai wata nawa ka yi a makaranta a lokacin? Ni shekara da shekaru nake wanke wandunan mutumin nan. Na ga abin da ke jikinsu. Na ga yadda yake daɗewa a bayan gida, ya fito yana gumi ya ce zafin gari ne. Na dafa masa saiwoyi na ajiye kusa da butarsa ba tare da na ce na mene ne ba, shi kuma ya sha ba tare da ya tambaya ba. Haka muka zauna muna girmama juna. Ban taɓa cewa, "Malam, me ke damunka?" ba. Ba na gaya maka don ka ji tausayina. Kwanansa ne ya ƙare, Allah ya gafarta masa, ya sa ciwon ya zama kankarar zunubi. Ina gaya maka ne don ka san in shiru laifi ne, naka ɗan tsito ne a gefen nawa.

Kuma akwai abin da ba ka sani ba, don ka riga ka koma Kano, da ka zo gaisuwa kuwa gida cike yake, ni ina cikin takaba. Bayan tafiyarka mahaifinka ya sa babbar riga ya ce za shi kasuwa. Asibiti ya tafi. Mutumin da ko ƙaya ta shige shi a gonar shinkafa ba ya yarda a cire masa a gaban mutane, shi ne ya je ya bi layi da ƙafarsa.

Da ya dawo ya zauna a ƙofar ɗakina, yana kallon bishiyar ɗorawa ta bayan gida ba ni ba, ya ce, "Kin san yaron asibitin nan? Bai fi ɗan Gwaggo da yawa ba. Ya tambaye ni abin da ko uwata ba ta taɓa tambayata ba. Sau nawa, wane launi, tun yaushe. Yana rubutu yana tambaya kamar mai tambayar farashin gero."

Na ce, "Ka amsa?"

Ya ce, "Na amsa mana. Kuma ƙasa ba ta tsage ba."

Ya yi dariya, ni ma na yi. A ranar muka yi maganar ciwon nan tun daga farkonsa, ni da shi, karon farko. Ya ce malamin ya gaya masa abin ya daɗe ƙwarai, tun kafin a haife ka yake cin sa, ya taɓa ƙoda. An yi masa abin da za a iya, ya sami sauƙin kwanciya. Kwanakin da suka rage masa ba a ɓoye ya yi su ba. In mara ta murɗa sai ya ce ta murɗa, in ɗora masa tsumma mai ɗumi. Wannan kai ka ba mu shi.

Ka ga dai rabin magana ka yi, kanka a sunkuye, ta ɗaga dattijo daga buzu ta kai shi asibiti. To ina ga ranar da ka koyi yin ta cikakkiya? Abin da ake koya muku ke nan a makarantar. Ba sunayen ƙasusuwa kaɗai ba ne, har da yadda baki zai saba da su. Yaron asibitin nan ma ba da wannan bakin aka haife shi ba. Shi ma ɗan wata uwa ne mai kunya irina.

Kuma da ka ga mahaifinka a 'yan kwanakin nan! Duk wanda ya zo dubiya sai ya sha karatu. "Kun san zuciya ɗaki huɗu gare ta? Ɗan Gwaggo ya nuna mana." Manoman fadama suka zo, ya hana su tashi sai da ya ba su labarin katantanwa. Wani ya ce, "Malam, to mu daina shiga ruwa mu ci me?" Ya ce, "Ni ma ban sani ba. Ku bari yaron ya gama karatu, ku tambaye shi." Suna nan suna jira. Ka tanadi amsa, don ni ma ina so in ji ta.

Har an fara zuwa wurina. Kwanan baya matar mai gyaran komar kamun kifi ta shigo kamar aron rariya, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce ɗanta ya fara irin na maza, ko za a yi masa waina. Na ce, "Fitsarin jini yake yi. Tsutsa ce. Ki sa ubansa ya kai shi asibiti." Haka na faɗa gar da gar, Kawu Sale na zaune. Kawu ya kusa ƙwarewa da fura. An kai yaron, ana yi masa allura, yana zagina a duk unguwa. Ka ga ɗalibarka ta bayan zana ta fara aiki, kai malamin kuma kana shirin gudu wurin gyaɗa.

Ba na raina aikin akawu. Amma buhun gyaɗa ba ya jin kunya, kowa zai iya tambayarsa nauyinsa. Mutanen bakin kogin nan kuwa suna bukatar wanda ya san kunyarsu daga ciki, wanda ya san in dattijo ya ce "wani abokina" kansa yake nufi. Kai ka sani. Da tsada ka saye shi, kada ka zubar.

Na ji kuma kana kuka da sunayen Turanci, wai wani sunan ya fi ƙashin da aka raɗa wa tsawo. Ni ma a ajinmu na yi ta juya baƙi, cikinsa ya dubi hagu maimakon dama. Wata yarinya sa'ar ƙanwata ta yi mini dariya, na yi fushi na daina zuwa. Na zauna a gida ina cika ina batsewa, su kuwa suna can suna ci gaba, ba wanda ya rasa komai sai ni. Mahaifinka ne ya ce, "Fushi da allo ba ya sa allo kuka." Na ɗauki mayafi na koma. Da ban koma ba, da yau ba ni da bakin da zan yi maka magana. In sunan ya yi maka tsawo, ka gutsuttsura shi kamar ƙuli-ƙuli. Ka nemi sunansa na Hausa ka ajiye kusa da shi, don da shi za ka yi wa mutanenka magana. In abu ya shige maka duhu ka tambaya a gaban aji, a yi dariyar a gama. Kuma ka riƙa koya wa wani, na lura kai sai kana koyarwa abu ke zama a kanka.

Ka kula da salla a kan lokaci. Ka wanke hannu yadda ka matsa mana mu riƙa yi. Ka ci abinci, na ga wuyanka ya yi tsawo. Kada ka yi wasa da jikin mutum ko da hoto ne a littafi, Allah ne ya yi shi, kuma kowane jiki da uwar da ta haife shi.

Saura abu ɗaya. Ka tuna ranar da ka faɗo daga kan goruba ka karya hannu? Aka shigo da kai kana ihu, dangin mahaifinka cike da gida. Ina tsaye a bakin turmi. Gwaggo ta ruga, maƙwabta suka ruga, aka tafi kiran mai ɗori. Ni ban juyo ba. Na ci gaba da daka. Aka yi ta yabona, ana cewa wannan 'yar gidan mutunci ce, ko gezau. Geron da aka ce in surfa, sai da na mai da shi gari, ban san na yi ba. Ina jin kowane kukanka a cikin haƙarƙarina. Na sha yabo a ranar, kuma da za a ba ni zaɓi yau, da na mayar musu da yabonsu na riƙe maka hannun.

Kunya abu ne mai kyau, ba na ce ka yar da ita ba. Ita ta riƙe gidanmu, ita ta sa ka tashi da ladabi. Amma in mutum na jin ciwo a gabanka, ka ajiye ta a bakin ƙofa tare da takalmi, ka shiga ka taɓa shi. In ka fito ka ɗauki abarka.

A ƙasan jakarka za ka ga tsohuwar hular Kawu Sale, an wanke ta. Gwaggo ce ta sa, ta ce ta Malam Shiru ce, a gaishe shi, a ce tana yi masa sannu da tsayuwa. Ka san Gwaggo, in ka dawo sai ta tambaye ka ko ta yi masa daidai. Amana ce, sai ka shiga ajin nan ka sa masa da hannunka. In ka shiga kuwa, ka nemi bencinka ka zauna.

Allah ya buɗa maka ƙirji, ya sauƙaƙa maka abin da ya yi tsauri. Allah ya haɗa ka da malamai masu haƙuri da abokai na gari. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da na birni, da ciwon da za ka taɓa da hannunka. Allah ya sa hannun nan da ya karye ya ɗoru ya zama sanadin lafiyar mutane da yawa, ladan ya kai kabarin mahaifinka. Hajara na gaishe ka, ta ce ka zo mata da labarin ido da kunne, ba ku kai nan ba.

Tunda ni na ce ka koyi kiran kowane abu da sunansa, ba daidai ba ne in tsaya a baya. Ɗazu da hantsi ina tankaɗe na gwada faɗar naka, ba kowa a gidan sai kaji. Ya zo har maƙogwaro ya tsaya. Amma hannu ya yarda. Ga alkawari: ranar da ka dawo da takardar gama makarantar nan, zan tsaya a tsakar gida in kira shi da bakina, da ƙarfi, Gwaggo na ji, Kawu na ji, duk wanda zai riƙe baki ya riƙe. Kafin nan ina ta gwadawa a gaban kaji.

Yunusa.

Ka koma, Yunusa. Allah ya yi maka albarka.

Ni ce mahaifiyarka.